Daga Zongon Lome: Hoto ɗaya ido ɗaya ne

  Yau maganar hoto za mu yi, irin wanda muke ɗauka da waya mu tura, domin yanzu da shi muke ciniki, da shi muke zumunci, kuma yana da wani aibi da ba kowa ya lura da shi ba.

Ku duba yadda kasuwa ta koma a garin nan. Mai mota a filayen Por ba ya jiran mai saye ya zo ya zagaya ta, hoto zai ɗauka ya tura Maraɗi ko Damagaram. Mai dilar gwanjo a Hejiranawe haka, mai atamfa a Asigame haka, mai wayoyi a Dekon haka. Gab da Babbar Sallah kuwa hotunan raguna ne ke cika waya. Can mai saye zai kalla, ya ce ya yi masa, ya turo kuɗi. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya bayan Yulin 2023, kayan Nijar masu yawa ta nan suke bi: a yi lodi a Por, a taru a Terminal du Sahel nan kusa da mu, a haura Sinkase, a ratsa Burkina ta Kaya da Dori kafin a faɗa Tera, cikin ayari da rakiyar soja. Tafiyar da a da ake yi cikin kwanaki, yanzu takan ci makonni. Kayan da suka bi wannan hanya suka isa, babu maganar a mayar da su in ba su yi ba. Sai dai ɓacin rai, da saƙon murya mai zafi, da amanar shekara goma da za ta tsage saboda ƙofar mota ɗaya da ta lotse amma ba ta nuna a hoto ba.

Nakan zauna a irin wannan sulhu. Mai saye yana cewa an cuce shi, mai sayarwa yana rantsuwa bai ɓoye komai ba, kuma sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗi. Laifin na kyamara ne. Ido ɗaya gare ta, kuma ido ɗaya ba ya ganin tudu da kwari yadda suke. Duk abin da ta kalla sai ta shimfiɗe shi kamar tabarma.

Abin da ya sa aka ba mu ido biyu

Gwada wannan yanzu, daga inda kake zaune. Miƙa hannu, ka ɗaga babban yatsa, ka saita shi da ƙofa ko fitila. Rufe idon hagu ka kalla, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan yana tsalle gefe da gefe alhali bai motsa ba. Dalili shi ne tsakanin idanun babban mutum akwai ratar wajen santimita 6 da rabi, don haka kowane ido daga nasa wurin yake kallo. Abin da ke kusa yana gocewa da yawa tsakanin ganin idon hagu da na dama, abin da ke nesa kuwa kaɗan yake gocewa. Da wannan bambanci ƙwaƙwalwa ke auna nisa, ba tare da ka sani ba. Hajiya, ke kuma ki gwada zura zare a allura da ido ɗaya a rufe, za ki ba ni labari.

Masu dabbobi sun san wannan ko ba su karanta shi a littafi ba. Idon tunkiya da na akuya a gefen kai suke, don su hango abin da ke tahowa ta kusan kowace kusurwa. Na kyanwa da na mutum a gaba suke, biyun suna kallon abu guda, shi ya sa kyanwa ba ta kuskuren tsalle. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba, ya san ƙima. To, da ɗan uwansa yake sanin ƙimar.

Malamai sun daɗe da lura da haka. Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira wajen shekara dubu da ta wuce, ya yi bincike a littafinsa Kitabul Manazir kan yadda idanu biyu ke haɗuwa su ga abu ɗaya, da lokacin da abu ɗaya ke zama biyu a ido. A 1838 wani Bature ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna abin da ya biyo baya: in ka zana abu sau biyu, ɗaya yadda idon hagu ke ganinsa, ɗaya yadda na dama ke ganinsa, ka ba kowane ido nasa, ƙwaƙwalwa za ta haɗa su ta ga abu mai jiki a tsaye, ba zane a takarda ba. Da madubai ya yi nasa, shekara guda kafin a bayyana wa duniya sana'ar ɗaukar hoto a Faransa. David Brewster ya ƙera ƙaramin akwati mai gilasai biyu a 1849, aka nuna shi a babban baje kolin Landan na 1851, Sarauniya Biktoriya ta yaba, sai kasuwarsa ta buɗe. Wani likita a Amurka, Oliver Wendell Holmes, ya fito da mai sauƙi na riƙewa a hannu wajen 1861, kuma bai yi masa rajistar mallaka ba, kowa ya ƙera. Shekaru da dama, kafin silima da talabijin, da waɗannan tagwayen hotuna mutanen Turai da Amurka suke ganin Masar da Ƙudus daga cikin ɗakunansu.

Mu ma mun san shi, sunansa ne kawai ba mu sani ba

Duk wanda ya tashi a zongo a shekarun 1980 ya san tsarabar alhazai: dabino, zamzam, bagaruwa, tasbaha, da abin kallon Makka. Iri biyu ne. Akwai mai kama da 'yar kyamara, ido ɗaya ake sa masa, ana latsawa hoto na canzawa. Akwai kuma mai ido biyu, wanda ake zura wa farin faifan kwali, a ja ɗan hannu a gefe faifan ya juya. Wannan na biyun samfurin View-Master ne ko kwaikwayonsa, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1939. Faifansa yana ɗauke da ƙananan hotuna 14, amma wurare 7 kawai kake gani, domin kowane wuri sau biyu aka ɗauke shi, ɗaya na idon hagu, ɗaya na dama.

Da baffanmu ya dawo daga aikin hajji da irin wannan, layi muka yi a zaure, kowa ya leƙa sau ɗaya ya miƙa wa na bayansa. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa zuwa ba. Da aka sa mata a ido sai muka ga ta saki sandarta ta miƙa hannu gaba, tana lalube iska. Ƙanena ya ce, "Kaka, me kike nema?" Ta ce, "Kai dai maigidana, riƙe mini abin nan da kyau, ga rigar Ɗakin nan kusa." Hoto a bango ta sha ganinsa a kalanda, bai taɓa sa ta miƙa hannu ba.

Dabarar ba ta tsaya a wasan yara ba. Masu zana taswira suna ɗaukar ƙasa daga jirgin sama, hoto na hawa kan hoto, su duba su bibbiyu su fitar da tsayin dutse da zurfin kwari. Motocin da Amurka ta sauke a duniyar Mas, Curiosity a 2012 da Perseverance a 2021, kyamarorinsu bibbiyu ne a jere, don masu tuƙa su daga nan su san rami kafin a faɗa. Fina-finan 3D da ake kallo da tabarau, wannan dabarar ce dai. Kuma wayar da ke aljihunka, ko ta jaka talatin ce, za ta iya.

Yadda ake ɗauka

Abin da ake buƙata hoto biyu ne na abu ɗaya, daga wurare biyu masu 'yar rata. Riƙe waya a tsaye, ba a kwance ba, da hannu biyu, gwiwar hannu a manne da jiki. Tsaya ƙafafu a ɗan buɗe. Ɗora nauyinka a ƙafar hagu ka ɗauka. Mayar da nauyin ƙafar dama ka sake ɗauka. Shi ke nan. Wayar ta matsa gefe kaɗan, kuma abin da ake so ke nan. Kada ka karkata ta, kada ka ɗaga ko ka sauke, kada ka matsa gaba. Ka saba da fara ɗaukar na hagu kullum, don kada su rikice maka daga baya.

Nawa za a matsa? Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida mai sauƙi: ka raba nisan abu mafi kusa da kai gida 30. In buhu yana mita 2 daga gare ka, ka matsa wajen santimita 6 ko 7, faɗin yatsu huɗu. In mota ce a mita 3, santimita 10. In gida ne daga tsallaken titi, mita 9, to santimita 30, tsawon takalminka. In ka matsa fiye da kima ido zai wahala wajen haɗawa, kuma babban abu zai koma kamar na wasan yara.

Sharaɗi ɗaya ne mai wuya: kada komai ya motsa tsakanin ɗauka ta farko da ta biyu. Mota da ɗaki da dilar kaya ba matsala. Rago kuwa ba ya jin magana. Ko dai ka jira ya tsaya cak, ko ku jera waya biyu iri ɗaya gefe da gefe, kai da yaronka, a ƙirga uku a latsa tare. A titi ma a jira zemijan ya wuce.

Daga nan sai a jera su a fage ɗaya, na hagu a hagu, na dama a dama. Manhajar da yara ke haɗa hotunan barka da Sallah da ita ta isa, Google Photos ma yana yi. Abin lura shi ne su zama girma ɗaya, kuma layi ya daidaita: in bakin taga yana tsakiyar hoton hagu, ya zama a tsayi ɗaya a na dama. Mai son aiki mai tsabta, akwai 3DSteroid a wayar Android da StereoPhoto Maker a kwamfuta, su suke daidaita layin da kansu.

Yadda ake kallo

Kwantar da wayar a kan tebur, a kwance, hotunan biyu suna jere. Nemo kwali, ko na shayi ko na sabulu, mai tsawon kamu ɗaya da rabi. Tsayar da shi a kan layin da ya raba hotunan, ka kawo hancinka bakinsa na sama, yadda idon hagu ba zai ga hoton dama ba, na dama ba zai ga na hagu ba. Sai ka saki ido, kamar mai tunanin bashi, kana kallon nesa ta cikin wayar. Hotunan za su fara tafiya suna kusantar juna, su hau kan juna, sai kwatsam abu ya tashi tsaye. Karon farko yakan ɗauki minti biyu ko uku. In ido ya koya, daƙiƙa kaɗan ne, har kwalin ma za ka ajiye. Ba tare da kwali ba hoto uku za ka gani, na tsakiyar shi ne mai zurfin.

Abu biyu ke sauƙaƙawa. Na farko, kada faɗin kowane hoto ya wuce santimita 6, wato kada ya fi ratar idanunka. In ya fi, ka rage girmansa a fuskar wayar. Na biyu, tabarau na karatu irin na bakin kasuwa, mai lamba 3, yana barin ka kawo wayar kusa ido bai takura ba. Akwatin Brewster ma gilasai biyu ne da katanga a tsakani.

Akwai hanya ta biyu, ta fi dacewa da babbar fuska irin ta kwamfuta. A nan ana musanya hotunan, na dama ya koma hagu. Sai ka ɗaga yatsa tsakaninka da fuskar, ka kalli yatsan har hotunan da ke bayansa su zama uku, sannan ka janye shi a hankali. Wasu wannan ta fi musu sauƙi. Amma fa a kula, nan ne ɗan kasuwa zai iya yin asara: in aka jera don hanya ta farko ka kalla da ta biyu, komai zai juye, lotsawa ta zama kumburi, kumburi ya zama rami. Don haka mai turawa ya rubuta a ƙasa, "na hagu a hagu". Kuma ido ba ya maƙalewa a haka, kamar yadda iyayenmu mata ke tsoratar da mu. Gajiya dai yana yi. In ka ji kai ya fara sarawa, ka ajiye sai gobe.

Turawa da ajiyewa

WhatsApp yana matse hoto kafin ya tura, don ya rage cin data. Ga hoton gaisuwa ba komai, amma ƙananan alamun da ido ke kamawa ya auna zurfi su ne ke fara gogewa. Tun 2023 akwai maɓallin HD a saman hoto kafin ka tura, ka latsa shi. Wanda ya fi shi kuma, ka tura hoton ta inda ake tura takardu, wato ta alamar maƙala ka zaɓi fayil, zai isa yadda aka ɗauke shi. Sai dai hoton da ya tafi ta wannan hanya yakan tafi da bayanan da waya ta rubuta a cikinsa, har da wurin da aka ɗauka in ka bar wannan a kunne. In hoton sito ne ko na cikin gida, kuma ba ka san mai karɓa sosai ba, ka shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri tukuna.

Hoton da ka ɗora a Facebook ko TikTok kuwa ya bar hannunka. 'Yan damfara suna kwashe hotunan kayan mutane su buɗe shafi, su karɓi kuɗin kayan da ba nasu ba. Maganin mai sauƙi ne, kuma ya kamata mai saye ya riƙa nemansa: a rubuta sunansa da kwanan wata a takarda da hannu, a ajiye a kan kayan, a ɗauka sau biyu yadda na bayyana. Wanda ya sato hoto a intanet ba shi da na biyun.

Kada a ɗora wa dabarar abin da ba za ta iya ba. Tagwayen hoto suna nuna lotsawar ƙofa, in an ɗauka a inuwa kuma daga gefe, ba gaba da gaba ba. Suna nuna ramin ƙugun rago da cikar cinyarsa, da zurfin shagon da ake son ba ka haya. Ba sa nuna lafiyar inji, ba sa nuna cikon da aka shafe aka fesa wa fenti, ba sa gaya maka ko atamfa za ta zuba. Girma ma sai an sa ma'auni: mutum ya tsaya kusa da ragon, ko a miƙa tef a jikin bango, domin ragon da aka durƙusa aka ɗauka daga ƙasa yakan fito kamar maraƙi. Wani zai ce ai bidiyo ya wadatar, a zagaya motar a ɗauka. Gaskiya ne, motsi ma yana nuna zurfi, kuma ina ba da shawarar a haɗa da shi. Amma bidiyo yana cin data, ga wanda ke ƙauye sai ya kwana bai buɗe ba, kuma ba a wanke shi a takarda a ajiye a akwati. Babban kuɗi dai har gobe yana son ɗan uwa ya je ya taɓa da hannu. Abin da nake cewa shi ne, in dole sai an yi cinikin biri a sama, a ƙalla a kalle shi da ido biyu.

Abin da ya fi kaya

A watan Oktoba na 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome, aka dawo da iyayenmu nan, wajen kilomita 15 arewa da gari, kan hanyar Atakpame. Wani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna da su bayan tashin, ya rubuta littafi kan masu gida da fataucin shanu da goro, aka buga a 1983. Tsohuwar Lome ta zamanin Jamus da Faransa kuwa, da yawa daga abin da ake gani nata yau albarkacin masu hoto irin su Alex Acolatse ne, wanda ya buɗe shagonsa tun farkon shekarun 1900. Abin da aka ɗauka ya rage, abin da ba a ɗauka ba ya tafi da masu shi.

A gidanmu hoto uku ne suka rage daga tsohon Zongo, kuma dukansu na mutane ne a gaban labulen mai hoto, da babbar riga da agogo. Babu zauren da baƙi daga Sakkwato da Tawa suke sauka, babu rijiyar, babu lungun da ake bi zuwa masallaci. In yarana suka tambaye ni yadda gidan kakansu yake, sai dai in zana musu da yatsa a ƙasa. Waɗanda suka yi kasuwa a babban ginin Asigame kafin gobarar Janairun 2013 su ma su duba wayoyinsu da akwatunansu: mutum nawa ne ke da hoton rumfarsa?

Muna ɗaukar fuska dubu, ba ma ɗaukar wuri. Ga shi hanya ta yi wuya, yaro yakan kai shekara goma a Lome bai taka garin ubansa ba, yana jin Ewe da Faransanci fiye da yadda yake jin sunayen unguwannin Katsina. Zumunci a ƙafa yake, ba musu. Kafin ƙafar ta samu hanya, a sa wani a gida ya tsaya a bakin zaure ya ɗauka sau biyu, ya shiga tsakar gida ya ɗauki rumbu da turmi da bishiyar darbejiya, ya ɗauki ɗakin tsohuwa tana zaune a kan dardumarta, tunda tsofaffi sun iya zama shiru. Mu ma mu tura musu namu. A kai wa mai wanke hoto ya fitar a takardar 10 da 15, a ce masa ya bar fili a gefe don kowane ɗaya ya tsaya a santimita 6, a rubuta wuri da shekara a baya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana manta lambar sirri. Takarda a cikin leda a ƙasan akwati takan kai jikoki.

A nemi izini kafin a ɗauka. Akwai dattawan da ba sa son hoto, a girmama su, a ɗauki wurin a bar mutumin. Hoton cikin gida da na mata da yara kuma na dangi ne, a tura wa mutum kai tsaye, ba a zuba shi a dandalin da ke da mutum ɗari biyu ba.

Ga iyaye mata musamman

In kuka yi wannan wasa a gida, za a samu wanda ya kasa gani. Yawanci rashin sabo ne, babba ma yakan yi kwanaki kafin idonsa ya saki. Amma akwai yaran da ido ɗaya ne kawai ke musu aiki sosai, ɗayan ya yi rauni ko ya ɗan karkace, irin abin da muke kira harara-garke, har ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa. Yaron ba zai yi ƙorafi ba, don bai san akwai wani gani da ya fi nasa ba. Gwajin gida mai sauƙi ne: ki rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ki nuna masa ƙaramin abu daga nesa ya faɗi sunansa, sannan ki rufe ɗayan. In ya yarda a rufe ɗaya amma ya yi ta fizgewa in an rufe ɗayan, ko kika ga ido ɗaya yana gocewa, ko yana karkata kai in zai kalli abu, a kai shi wurin likitan ido. Nan Lome akwai sashen ido a babban asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin. Ana gyarawa da tabarau, wani lokaci da rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i a rana don ragon ya tashi aiki, kuma an fi samun nasara kafin yaro ya kai shekara 7 ko 8. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da zai girma ya tuƙa babbar mota daga nan zuwa Yamai yana buƙatar idanunsa duka biyu.

Aikin wannan mako ke nan. Ranar Juma'a bayan an sauko, kowa ya tsaya a ƙofar gidan da yake haya ko shagonsa, ƙafar hagu, ƙafar dama, ya tura gida, ya ce su ma su rama. Wanda ya gwada ya ga abin ya tashi, ko ya ƙi tashi, ya rubuto mana ta adireshin mujalla, za mu amsa a nan. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba maganar takardun haihuwar yaran da aka haifa a nan, da abin da ke faruwa ranar da za a sa su lakwal ko a yi musu fasfo.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai na kan hanya gida lafiya. Wassalam.